LAFIYA UWAR JIKI TA SHIGA KASUWA

Duk wanda ya ɗan jima a nan Kurmi ya san motar mai magani. Takan tsaya da hantsi a bakin tasha, ko a Agege ne, ko Mil 12, ko Sabon Badun, ko Shagamu, da lasifika ɗaure a kanta, mai ita kuwa ya yi ta lissafa cututtuka tun daga basir har zuwa shawara, ya ce ga kwalba ɗaya da za ta kore su baki ɗaya. Mai son saye ya saya, wanda ba ya so ya yi dariya ya wuce abinsa. To, wannan ciniki yana nan bai mutu ba, sai dai yanzu ya sauka daga mota ya shige cikin wayar hannu, ya sake tufafi, ya koyi sabon harshe, har ta kai mutum yana kwance a ɗakinsa da tsakar dare ana yi masa talla. Wannan shi ne abin da muke so mu ja hankalin 'yan'uwanmu mazauna Kudu a kansa yau, domin al'amarin ya wuce wasa.

In ka buɗe Facebook ko TikTok ko Instagram, ko kuwa ka leƙa zauren WhatsApp na 'yan garinku, da wuya ka yi minti biyar ba ka ci karo da mai sayar da lafiya ba. Ga mai shayin rage tumbi, ga mai ƙwayar sa ƙiba, ga mai garin wanke dattin ciki da na jini, ga mai zumar ƙarfin maza, ga mai haɗin amarya da man hasken fata. Da yawansu ba su ma kiran kansu masu magani. Sunan da suke ba sana'arsu shi ne gyaran jiki ko kula da lafiya, kuma ba majinyaci kaɗai suke nema ba. Babban abokin cinikinsu shi ne mutum mai lafiya, wanda za su yi ta lallashi har ya yarda cewa akwai wani abu da ke cinsa a ɓoye bai sani ba.

Kasuwa Ce Ta Duniya

Kada wani ya ɗauka a ƙasarmu aka ƙago wannan sana'a. Wata cibiya a Amurka mai suna Global Wellness Institute ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 kuɗin da ke yawo a harkar kula da jiki a duniya ya kai dala tiriliyan 6.3, watau miliyan sau miliyan har shida da ɗoriya. A cikin wannan lissafi akwai ciniki na gaskiya, kamar na wuraren motsa jiki da abinci mai gina jiki. Amma duk inda irin wannan dukiya ta taru, lalle ba a rasa macuta a gefe, kuma kotunan ƙasashen da suka riga mu shiga wannan harka sun riga sun nuna mana irin abin da ke ciki.

A Ostareliya an yi wata mata mai suna Belle Gibson wadda ta tara dubban mabiya a Instagram da cewa ta warkar da kanta daga ciwon daji na ƙwaƙwalwa ta hanyar abinci. Ta sayar da littafi, ta sayar da manhajar waya, ta yi suna. A 2015 ta fito ta amsa da bakinta cewa ba ta taɓa yin ciwon ba, a 2017 kuma kotu ta ci ta tarar dalar Ostareliya 410,000 saboda yaudarar jama'a. A Amurka, kamfanin Goop na shahararriyar 'yar fim Gwyneth Paltrow ya biya dala 145,000 a 2018, saboda ya yi tallar wasu duwatsu da cewa suna gyara lafiyar mata alhali ba shi da wata hujja. A 2020 kuma hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta gurfanar da kamfanin shayi na Teami, wanda ya ce shayinsa na rage ƙiba har yana yaƙi da ciwon daji, ya kuma biya mashahuran mutane suna yaba shi a Instagram ba tare da sun bayyana sosai cewa biyansu aka yi ba. Kamfanin ya biya dala miliyan 1, aka mayar wa masu saye kuɗinsu daga ciki.

Mun kawo waɗannan misalai ne domin a ga cewa dabarar iri ɗaya ce ko'ina. Bambancin kawai shi ne can akwai wanda ya kai ƙara, aka kuma yi hukunci. A nan kuwa wanda aka cuta yakan ce ƙaddara ce, ya bar wa Allah.

Hannu Uku A Aljihunka

Ya kamata mai karatu ya san hannu nawa ne ke cikin aljihunsa sa'ad da ya tura kuɗin kwalba ɗaya. Na farko hannun mai kaya ne, wanda sau da yawa ba shi ya haɗa ba, sari ya yi a wata kasuwa ya sake mazubi ya liƙa sunansa. Na biyu hannun dillali ne, watau ɗan fim ko mawaƙi ko mai barkwanci da jama'a ke ƙauna, wanda zai ɗaga kwalba ya rantse cewa shi da iyalinsa ita suke sha. Ana biyansa kuɗin talla, ko kuwa a ba shi la'ada a kan kowace kwalba da aka saya ta hanyarsa. Dillalin shanu a kara kowa ya san dillali ne, ya kuma san yana da la'ada, saboda haka mai saye yakan buɗe bakin sa ya duba haƙori da kansa. Dillalin waya kuwa yana zuwa ne da rigar aboki mai ba da shawara don Allah.

Hannu na uku shi ne wanda ba a gani, watau na kamfanonin da suka mallaki waɗannan dandali. Kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, kusan dukkan kuɗin shigarsa daga talla yake samunsu. Na'urorin irin waɗannan kamfanoni suna lura da abin da ka tsaya ka kalla da tsawon lokacin da ka yi kana kallo. In yau ka tsaya a kan bidiyon ciwon baya, gobe za a kawo maka goma irinsa. Mai kaya kuma yana iya biya a kai tallarsa ga masu shekaru kaza da ke zaune a gari kaza. Saboda haka in ka ga maganin abin da ke damunka ya biyo ka har gado, kada ka ce dace ne ko ishara, lissafi ne aka yi da kai.

Yadda ake cinikin kuwa shi ne a fara sayar maka da cutar, kana a sayar maka da maganin. Mai talla zai tambaya: kana jin kasala da yamma? Bayanka na ciwo? Cikinka na kumburi bayan cin abinci? Kana yawan mantuwa? Barcinka ba ya nisa? To, don Allah wane ɗan dako ne a Mil 12 da ya yini yana sauke buhunan albasa ba zai ji ciwon baya ba? Wane mai gadi ne da ya kwana a zaune ba zai ji kasala ba? An zaɓi alamun ne yadda babu wanda zai kuɓuta, sa'an nan a ba su suna ɗaya, a ce sanyi ne, ko dattin ciki, ko gurɓataccen jini. Gaskiyar magana ita ce Allah ya riga ya ba jiki ma'aikatan wanke shi, su ne hanta da ƙoda, suna aiki dare da rana ba da kuɗi ba. In sun gaza, babu wani shayi da zai karɓe su, sai asibiti.

Daɗin daɗawa, yanzu ƙarya ta sami sabon makami. Masu binciken sahihancin labarai irin su Dubawa da Africa Check sun sha bankaɗo bidiyon da aka haɗa da kwamfuta, aka ɗauki fuskar wani sanannen likita ko mai karanta labarai a talabijin, aka sa masa maganar da bai taɓa faɗa ba, yana tallar maganin hawan jini ko ciwon gaɓɓai. Hotunan nan na kafin sha da bayan sha ma yaro mai waya yana iya gyara su kafin shayi ya huce. Da can ana cewa gani ya kori ji, amma a cikin waya ganin ma sai an bincike shi.

Me Ke Cikin Kwalbar?

Yawancin shayin rage ƙiba ana sa masa ganyen sanamaki, ɗan'uwan filaskon nan da kakanninmu ke sha in ciki ya ɗaure. Aikinsa shi ne sa zawo. Mai sha zai ga nauyinsa ya ragu a ma'auni, amma ruwan jikinsa ne ya zube, kitsen yana nan. In aka daɗe ana sha, sinadaran gishirin jini su rikice, hanji kuma ya saba har ya kasa aiki sai da shi. Tsofaffinmu da suka san filasko ba su taɓa mayar da shi shayin kowace safiya ba.

Maganin ƙiba, wanda ake kira sha-ka-fashe, shi ma haka. Wani ana haɗa shi da maganin ƙaiƙayi mai buɗe ciki da sa barci, irin wanda ke cikin ruwan Apetamin, wanda hukumomin magunguna na Amurka da Ingila suka gargaɗi jama'a a kansa saboda yana iya taɓa hanta. Wani kuma da ƙwayar deksametazon, wadda likita ke bayarwa da awo don wasu cututtuka masu tsanani. Wadda ta daɗe tana shanta fuskarta za ta kumbura ta ɗauka ƙiba ce, alhali sukarin jininta ne ke hawa, ga hawan jini, ga ƙashi yana yin rauni, ga garkuwar jiki tana faɗuwa. Kuma dainawa farat ɗaya bayan an daɗe ana sha wani haɗari ne daban, tilas sai da jagorar likita.

Zumar maza kuwa, a watan Yuli na 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni huɗu takardar gargaɗi bayan ta gwada zumar da suke sayarwa ta tarar an ɓoye sildenafil da tadalafil a ciki, watau ainihin sinadaran ƙwayoyin Viagra da Cialis. Mutum yana sha yana jin ai zuma ce da saiwoyi, bai san adadin abin da ya haɗiya ba. In mai ciwon zuciya ne da ke shan wasu magungunan buɗe jijiya, jininsa na iya faɗuwa nan take. Lalle zuma da zaƙi take, da harbi kuma.

Ta fannin man hasken fata, wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya nuna kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da shi, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. A cikin irin waɗannan mayuka ana samun zaiba, wadda ke ratsa fata ta kai ga ƙoda, da wasu sinadarai masu sa fata ta yi siriri har rauni ya ƙi warkewa. Yanzu har jarirai ake shafa wa, ana kiransa haɗin gyaran fatar yara. Wannan zalunci ne ga wanda ba shi da bakin cewa a'a.

Mafi muni duka shi ne wanda za a ce masa ya ajiye maganin asibiti. Hawan jini da ciwon sukari cututtuka ne da ake lallaɓawa har tsawon rai, kuma wanda ya kiyaye yana iya tsufa da su lafiya lau. Mai talla kuwa zai ce nasa na raba mutum da su har abada cikin mako biyu. Majinyaci ya ajiye ƙwayarsa, ya ji garau na ɗan lokaci domin hawan jini ba ya sallama, sai wata safiya a tashi a ga ɓarin jiki ya shanye, ko ƙafafu sun kumbura ƙoda ta tsaya.

Me Ya Sa Mu?

Ba mu faɗi wannan don mu zargi wanda ya saya ba, domin mun san abin da ke tura shi. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi, kuɗin magani a kemis ya yi tashin gwauron zabi. A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Mai faskare ko mai facin takalmi in ya tafi asibiti ya yini a layi, ya yi asarar cinikin ranar. In ya shiga wurin likita ma, wataƙila ba ya jin Turanci ko Yarabanci ko Ibo yadda zai bayyana abin da ke damunsa, balle in larurar ta ɓoye ce mai kunyar faɗa. Matan aure a unguwanninmu kuwa abin ya fi yi musu wuya, ga nisa da uwa da gwaggo da za su tambaya. Sai ga wani a waya yana magana da Hausa garau, yana kiranka ɗan'uwa, yana jan ayoyi, yana ambaton habbatus sauda da man zaitun, ya ce ba sai ka zo ba, turo kuɗi kawai a ba direba ya kawo maka tasha. Baƙo a ƙasar mutane yana jin harshen gida sai zuciyarsa ta kwanta, kuma wannan kwanciyar zuciya ita ce ake ciniki da ita.

Mazauna Ikko ba su manta da watan Agusta na 2014 ba, lokacin cutar Ebola, sa'ad da wani saƙo ya zagaya wayoyi cikin dare ɗaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi. Kafin gari ya waye ƙasa ta ɗauka, aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama aka kwantar a asibiti. Wancan saƙo babu wanda ke cin riba a kansa, ya yi wannan ɓarna. Ina ga saƙon da aka zauna aka tsara, aka biya kuɗi don ya iso gare ka?

Mai motar magani na da, ko me za a ce a kansa, yana da fuska da wurin tsayawa. In maganinsa ya cutar da wani, ana iya kai shi gaban Sarkin Hausawa ko shugaban tasha. Hukuma ma tana iya kai masa. A 2023, bayan binciken da jaridar Premium Times da Dubawa suka buga, NAFDAC ta rufe wurin da ake haɗa maganin nan da aka fi sani da Baban Aisha, ta kuma gargaɗi jama'a a kansa. A watan Fabrairu na 2025 hukumar ta rufe manyan kasuwannin magani na Idumota a Ikko, da na bakin gada a Anaca, da na Aba, ta kwashe jabun magunguna mota-mota. An iya yin haka ne domin waɗannan wurare suna da ƙofar da za a sa wa kwaɗo. Shagon cikin waya ba shi da ƙofa. Ranar da ka koma da kuka sai a toshe lambarka, in abin ya yi zafi a rufe shafin a buɗe wani da sabon suna.

Kada kuma a yi mana mummunar fahimta, mu ba abokan gaban maganin gargajiya ba ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da asibitoci suka fi dogara da shi a yau daga wani tsiro dangin tazargade aka samo shi a ƙasar Sin, kuma matar da ta jagoranci binciken, Tu Youyou, ta sami kyautar Nobel a 2015. A nan gida ma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta fitar da Niprisan don masu amosanin jini daga wani haɗi na gargajiya, wanda a cikinsa akwai masoro da kanumfari. Amma waɗannan duka sai da aka gwada su, aka auna, aka san adadin da ke magani da adadin da ke cutarwa. Mai maganin gargajiya na ƙwarai, wanda ya gada, shi ma wannan kasuwa tana ɓata masa suna, kuma shi ya fi kowa sanin cewa babu saiwa ɗaya mai maganin cuta arba'in.

Kiranmu

Doka tana nan, aiki da ita ne ya yi ƙaranci. Tun 1974 Dokar Abinci da Magunguna ta haramta yi wa jama'a tallar wani abu da cewa yana warkar da wasu cututtuka da ta lissafa, daga ciki har da ciwon daji, da ciwon sukari, da hawan jini, da ƙiba, da rashin ƙarfin namiji. Watau yawancin abin da ake shela a waya yau laifi ne tun shekara hamsin da suka wuce. Bugu da ƙari, hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa, ta ce tallar da ake yi a intanet ma tilas a kai mata ta duba kafin a saki. Muna kira ga waɗannan hukumomi biyu, NAFDAC da ARCON, da su sa ma'aikata masu jin Hausa su riƙa bin waɗannan shafuka, su kuma riƙa fitar da gargaɗinsu da murya cikin Hausa, domin sanarwar Turanci a takarda ba ta isa kasuwar Shasha ko karar shanu ta Lokpanta. Kamfanonin dandalin ma su san cewa suna da alhaki. Instagram ya kafa ƙa'ida tun 2019 cewa zai cire tallar da ke alkawarin rage ƙiba ta hanyar mu'ujiza. Ƙa'idar da ta shafi mai talla da Turanci ya kamata ta shafi mai talla da Hausa.

Ga 'yan fim da mawaƙa da sauran masu mabiya, muna tuna muku cewa jama'a sun saya ne don fuskarku suka gani. Wanda ya karɓi kuɗi ya rantse a kan abin da bai taɓa sha ba, yana da kaso a cikin duk abin da ya sami mai sha. Mafi ƙarancin abin da mutunci ke bukata shi ne ka faɗa a fili cewa talla ce kuma an biya ka, ka kuma ƙi duk kayan da ba ka ga takardunsu ba.

Ga Sarakunan Hausawa, da shugabannin kasuwanni da tashoshi, da limamai, da ƙungiyoyin matasa da na mata, ku ne gwamnatin da baƙo ya fi kusa da ita. Yadda kuke tara kuɗi a kai gawa gida ko a biya wa ɗan'uwa beli, haka za ku iya gayyato ma'aikatan lafiya sau ɗaya a wata su auna wa jama'a jini da sukari a harabar masallaci ko ofishin ƙungiya. Na'urar awon hawan jini ba ta fi ƙarfin ƙungiya ba. Har wa yau, dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora a kan kowa, Jihar Legas kuma tana da shirinta na Ilera Eko ga mazauna jihar. Ku bincika, ku yi wa mutanenku rajista a ƙungiyance, ku kuma samar da matasa masu jin harsuna da za su riƙa raka marasa lafiya asibiti suna yi musu tafinta. Masu kula da zaurukan WhatsApp na 'yan gari su ma su hana sa tallar magani a ciki.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, da ke 'yar'uwa, ga abin da muke roƙo. Kada ka sha maganin cutar da ba a auna an ce kana da ita ba. Duk wanda ya ce maganinsa na warkar da kome, ko ya ce saura kwalba uku ka yi sauri, ko ya ƙi faɗin abin da ke ciki da inda shagonsa yake, rabu da shi. Duba lambar NAFDAC, ka sa yaro mai karatu ya bincika maka ita a kundin hukumar na intanet mai suna Greenbook, domin lamba ma ana ƙirƙira ta. Ka kuma san cewa lambar da ake ba yawancin magungunan gargajiya, mai ƙarewa da harafin L, shaida ce kawai ta cewa an gwada ba a ga alamar cutarwa ba. Ba ta ce yana warkarwa ba, shi ya sa ake rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance abin da mai shi ke iƙirari ba. In kana kan maganin asibiti, kada ka ajiye shi ko ka haɗa shi da wani sai ka tambayi likita ko mai ilmin haɗa magunguna.

A yi lissafi mai sauƙi. Mafi ƙarancin albashi da aka sa hannu a kansa a 2024 naira 70,000 ne a wata. A 2025 kuɗin wankin ƙoda sau ɗaya ya kai kimanin naira 50,000, kuma ko da ragin da Gwamnatin Tarayya ta sanar a 2025 zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, mai wannan larura yana bukatarsa sau biyu ko uku a kowane mako. Wane mai tura baro ne zai iya? Abubuwan da ke tsare lafiya da gaske kuwa yawancinsu ba a tallarsu domin babu la'ada a ciki: rage gishiri ya zama ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya a yini, rage sukari da lemon kwalba, barin taba, shan ruwa mai tsabta, kwana cikin gidan sauro, kai yara rigakafi, da auna jini lokaci-lokaci.

Yawancinmu da muka baro gida muka zo Kudu ba mu zo da gona ko gado ba. Jarinmu shi ne wannan jiki, da shi ake dako, da shi ake gadi, da shi ake aika na cefane gida ƙarshen wata. Wanda ya taɓa shi ya taɓa abincin gida guda a Arewa. Hausawa sun ce lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke, kuma uwa ba abar kaiwa kasuwa ba ce. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare mu daga sharrin macuta, ya mai da kowa gida lafiya, amin.